Awo a Hannun Yara: Daga Motar Kara Zuwa Masallacin Yama

Karan dawa abu biyu ne a jiki ɗaya. Daga waje ɓawo ne mai tauri da santsi, wanda in an tsaga shi an ɓare sai ya fito siriri, yana lanƙwasuwa ba ya karyewa, gefensa kuma da kaifi har yakan yanki yatsa. Daga ciki totuwa ce fara, mai taushi, marar nauyi, wadda ƙaya ke shiga ba tare da ta tsage ba. Duk yaron da ya tashi a ƙasar Ƙonni ko Malbaza ko Illela ya san wannan tun kafin ya iya rubuta sunansa. Ɓawon ne ƙusarsa da wayarsa, totuwar ce katakonsa. Da su biyun nan da guntuwar reza yake haɗa mota da keke da jirgin sama da tabarau, ba gam, ba guduma, ba kuma wanda ya zana masa komai a takarda.

Wanda bai taɓa zama ya kalli aikin ba zai ɗauka wasa ne kawai. To, a dubi ƙafar motar. Yaro zai samo sakaina ko tsohon silifa ya yanke zagaye, ya goga bakin a dutse har ya daidaita, sannan ya sa ƙusa a wuta ya huda tsakiya. In hudar ta kauce ko da ƙanƙani, motar za ta riƙa ɗingishi, abokansa kuwa ba za su raga masa ba. Dole ya koyi gano tsakiyar da'ira da zare ko da tsinke, shekaru kafin wani malami ya zana masa da'ira a allo. Ya san in sandar ƙafafun gaba ba ta daidaita da ta baya ba, motar za ta riƙa jan gefe guda. Ya san in kaya ya yi tsawo da yawa, kamyo zai kife a kwana. Masu aikin gwangwani da waya da langa-langa sun ma wuce nan, domin sukan sa sitiyari mai dogon hannu, yaro na tafe yana tuƙi, ƙafafun gaba na juyawa dama da hagu. Kuma abin da suke gani shi suke ƙerawa: manyan motocin da ke lodin albasa a Galmi su nufi Abijan da Akara, masu ɗauko siminti daga Malbaza, baburan kabu-kabu da ke kai da kawo tsakanin Ƙonni da Illelar Nijeriya.

Ƴan mata nasu aikin da laka ne. Bayan an ɗauke ruwa sukan ɗebo yumɓu a bakin tafki su gina ƴan tukwane da randa da murhu da turmi, su yi wa ƴar tsana jere. Wadda ta ƙware har gasa nata take yi a garwashin da uwarta ta sauke tuwo, kuma ta riga ta gane cewa tukunyar da ba ta bushe sosai ba fashewa take yi a wuta.

Abin da ke damuna shi ne wannan hannu yana mutuwa daidai lokacin da ya kamata ya nuna. Yaro ya shiga kwalej yana ɗan shekara 12 ko 13, shekara huɗu ke gabansa kafin jarrabawar BEPC, daga gida har makaranta kowa na ce masa ya girma, ya bar wasan ƙasa. A firamare akwai darasin ayyukan hannu da ake kira APP a tsarin karatun Nijar, ko da yake sau da yawa yakan ƙare a sharar fili da ban ruwan itatuwa. A kwalej kuwa, inda ake fara koya wa yaro lissafin rabo da ma'aunin taswira da kusurwa, sai a raba shi da abu ɗaya da zai sa ya taɓa waɗannan darussa da yatsunsa. Malamin zane da aikin hannu wanda ya san abin da yake yi, a nan gwanintarsa take. Ba ya buƙatar koya wa yaro ƙira, ai da ita ya zo daga gida. Abin da yake ƙara masa shi ne awo.

Darasin farko ba a taɓa laka ko kara. Ajin da ake zaune ciki shi ake aunawa. A ce tsawonsa mita 9 ne, faɗinsa mita 7. Malam ya ce za a rage komai sau 20, wato 1:20 a rubuce. Tsawo ya koma santimita 45, faɗi 35, ƙofa mai mita 2 ta koma santimita 10. Sannan kowane yaro ya yanki tsinke mai santimita 8, wanda ke tsaye a madadin mutum mai tsawon mita 1 da santimita 60. Wannan ɗan tsinke shi ne alƙalin aikin gaba ɗaya. Duk abin da aka gina sai an tsayar da shi a gefe. Nan take yaro zai ga tagar da ya yanka ta kai girman ƙofa, ko bencin da ya haɗa ya kai wa mutum ƙirji. Ido ya saba ƙara girman abin da ya fi so, shi ya sa ƙafafun motar kara kan yi wa jikinta yawa. Ba a ce wa yaro ya yi kuskure, tsinken ake miƙa masa ya gwada da kansa.

Inda babu tef ɗin awo, igiya ta isa. A yi mata ƙulli kamu-kamu, a ce kamu 20 a ƙasa kamu 1 ne a samfuri, lissafin bai canza ba. Har ma akwai riba a ciki, domin ba za a daɗe ba gardama za ta tashi: kamun wane ya fi na wance tsawo, bangon wannan rukuni bai haɗu da na wancan ba. A wannan gardama ne yara ke gane dalilin da ya sa duniya ta yarda da mita ɗaya ga kowa. Igiyar ce kuma ke fitar da kusurwa. In aka raba ta gida 12 daidai wa daida, aka ja ta ta zama mai gefe uku, gida 3 da 4 da 5, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ta miƙe sak. Magina na yin haka a wurin aza harsashi da santimita 60 da 80 da 100. Ranar da malamin lissafi zai rubuta ƙa'idar Pitagor a allo, yaron da ya ja igiyar nan zai gane tsohon saninsa ne.

Daga nan aiki yana da tsarinsa, kuma tsarin ne ya fi wuyar koyarwa, domin yaro so yake ya fara da manne. Sai an je an kalli abin da kyau, an zagaya shi. Sai an zana shi daga sama, an zana shi daga gaba, an rubuta awo a gefen kowane layi. Sai an yanka dukkan gaɓoɓin an jera su ba tare da gam ba, an ga sun zauna. Bayan haka ne ake damo garin rogo da ruwan zafi, ko a jiƙa ƙaro, a soma haɗawa daga ƙasa zuwa sama. Kwalin sabulu, gidan ashana, takardar buhun siminti, ƙayar aduwa, murfin kwalba, duk kayan aiki ne, ba kuma wanda zai ce ba shi da kuɗinsu. Lokacin ma ya yi wa makaranta daidai: ana komawa aji a watan Oktoba, kaka ta yi, kara ya cika gonaki.

Ni dai in aka ce in zaɓi abu ɗaya da kowane ɗan kwalej a wannan yanki zai gina da hannunsa, rumbu zan zaɓa. Duk wanda ya bi hanyar Tsarnawa zuwa Tawa ya gan su, manyan rumbunan laka masu ƙaton ciki, tsaye a gefen garuruwa da jinka a kansu. Mun saba ganinsu har mun daina mamaki, alhali abin mamaki ne. Maginin rumbu yakan jera duwatsu tukuna don gindin ya rabu da damshi da gara, ya yi daɓe a kansu, sannan ya riƙa ɗora laka zagaye bayan zagaye, yana barin kowane ɗaya ya sha iska kafin ya ɗora na gaba. Yana hawa yana faɗaɗawa, ya kai tsakiya ya soma tsukewa har zuwa baki. Bangon bai cika kauri ba, amma ga shi yana riƙe abincin gida na shekara.

Rumbu mai mita 3 in an rage shi sau 20 santimita 15 ne, ya zauna a tafin hannu biyu. Yara za su murza laka ta yi tsawo, su naɗa zagaye-zagaye, su shafe da jiƙaƙƙen yatsa. Mai gaggawa zai so ya gama a zama ɗaya, nasa kuwa zai durƙushe, domin lakar ƙasa ba ta yi ƙarfin ɗaukar ta sama ba. Wanda ya shanya nasa a rana ko a iskar hunturu zai tarar da shi ya tsattsage, saboda laka tana tsukewa in tana bushewa, waje kuma ya riga ciki bushewa. Magani shi ne inuwa da jiƙaƙƙen tsumma da haƙuri. Shi ya sa kuma ake cuɗa laka da ramno, don zaren ciyawa ya kama tsagar kafin ta yi nisa. A nan akwai wata dabara da nake jin daɗin ganin yaro ya gano da kansa: ciyawar ma sai an rage ta. Dogon ramno ba ya shiga ɗan bango mai kaurin yatsa, sai ƙaiƙayi mai laushi ko busasshen kashin jaki da aka tankaɗe.

Malam ya tambaye su, me ya sa rumbu zagaye ne? A ɗauko igiya mai mita 12 a fita fili. In aka yi murabba'i da ita, mita 3 kowane gefe, filin da ta kewaye murabba'in mita 9 ne. In aka yi da'ira da ita, ya kai wajen 11 da rabi. Bango ɗaya, laka ɗaya, wahala ɗaya, amma zagayen ya fi cin hatsi. Ga shi kuma ba shi da kusurwar da za ta tsage in kaya ya tura daga ciki. Kakannin yaran nan ba su rubuta wannan lissafi ba, amma sun gina shi a bayan kowane gida.

Sai dai samfuri yana iya ruɗin mai shi, malamin kirki kuma ba ya ɓoye haka. Yaro zai ce tunda ɗan bangonsa siriri ya tsaya, babban ma zai tsaya in an bi awo ɗaya. Ba haka ba ne. In aka ninka samfurin sau 20 a tsawo da faɗi da tsayi, filin da gindinsa ke takawa ya ninku sau 400, nauyinsa kuwa sau 8000. Ke nan kowane taƙi na gindin babban gini yana ɗauke da ninki 20 na abin da ɗan ƙaramin ke ɗauka. Galileo na ƙasar Italiya ya yi bayanin wannan a shekarar 1638. Shi ne dalilin da ya sa katangar ƙasa take da kauri a gindi tana sirancewa a sama, shi ne kuma dalilin da ya sa ba a karɓar magini don kawai ya iya na wasa.

Ƙasar Illela tana da abin da za ta nuna wa ƴaƴanta wanda wasu ke zuwa daga nesa su gani. A garin Yama, cikin yankin Badagishiri, mutanen gari suka tashi gina masallacin Juma'a a 1962, suka damƙa aikin ga ɗan garinsu Falke Barmu, manomi kuma magini. Gayya aka yi: wasu na buga tubali, wasu na ɗauka, mata na kawo ruwa, wasu na saro itace. A 1975, da rufin ya buƙaci gyara, sai ya sake shi da bakuna da ƙubba a tsakiya, daga baya ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyin, ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. Aka kammala a 1982. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini, wadda ake ba fitattun gine-gine na duniyar Musulmi.

Yadda ake ɗaura irin wannan baka abu ne da yara za su iya maimaitawa a kan tebur. Ana ɗaure sanduna dami-dami, a binne gindinsu a jikin ginshiƙi, a lanƙwaso su daga nan da can har su haɗu a sama, a ɗaure, a lulluɓe da laka. Da ɗanyun rassan sabara sirara da zare, ɗan aji biyu zai yi nasa. Abin da zai gani da idonsa shi ne baka ba ƙasa kaɗai take dannawa ba, tana kuma tura ginshiƙan waje. In bai bari sun bushe ba, ko ya yi su sirara, za su buɗe rufin ya faɗo. In ya sa wata baka a ɗaya gefen ta tokare, ko ya ƙara wa bangon ƙarshe kauri, sai komai ya tsaya. Wanda ya ga haka sau ɗaya ba zai sake shiga tsohon zaure ko masallaci bai ɗaga kai ba.

Zancen bai tsaya a kan Falke Barmu ba. A Dandaji, cikin wannan jiha ta Tawa, akwai wani tsohon masallaci aikin hannunsa wanda ya soma lalacewa. Mariam Issoufou Kamara, ƴar Nijar mai zanen gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Masu irin sana'arsu a ko'ina cikin duniya da kwali da katako da gam suke fara gwada tunaninsu, su yi ƙaramin gini su dube shi ta kowane gefe kafin a haƙa harsashi. Yarinyar da ke jera wa ƴar tsana ɗaki a Tajaye ko Dogarawa ya kamata ta ji wannan labari, ta kuma san cewa mata ne suka zana.

Ba rumbu da masallaci kaɗai ba. A ƙasar albasa, rudu, wato ma'ajin albasa, abin ginawa ne: a ɗaga shi a kan ƙafafu, a bar wa iska hanya ta ƙasa da ta gefe, yara su gane me ke hana albasa ruɓewa. A Ƙonni, inda ruwan Majiya ke taruwa a madatsun Mozage da Zango kafin ya bi magudanai zuwa gonakin rani, ana iya gina fadamar da laka a kan faifan katako, a zuba ruwa da buta. In gangaren ya yi kaɗan ruwan ya kwanta, in ya yi yawa ya ci bakin magudana. Da yawa daga cikinsu iyayensu da wannan ruwa suke noma.

Sana'ar ƙera samfuri tsohuwa ce ƙwarai. A 1920 masu tonon kayan tarihi suka buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin Meketre, babban jami'in fada a tsohuwar Masar, kusa da Luksor, suka tarar da ƙananan samfurori na katako masu shekara wajen 4000: jiragen ruwa, masaƙa, turken shanu, da ma'ajin hatsi. A zamaninmu kuma akwai Bodys Isek Kingelez na Kinshasa, wanda aka haifa a 1948 ya rasu a 2015. Ya taɓa koyarwa a sakandare, sannan ya duƙufa gina birane sukutum da kwali da takarda da gwangwani. An nuna aikinsa a Paris a 1989, a 2018 kuma babban gidan adana zane-zanen zamani na New York ya keɓe masa baje koli shi kaɗai. Kayan aikinsa ba su fi abin da ake sharewa a kasuwar Ƙonni in an tashi ba.

Akwai iyayen da za su ɗaga gira in sun ji zancen ƙira da laka, saboda maganar malamai a kan sassaƙa siffar mai rai. Damuwarsu abin girmamawa ce, darasin kuma bai buƙaci a taka ta ba. Rumbu ne, masallaci ne, gada ce, mota ce, rijiya ce, mutumin awon ma tsinke ne marar fuska. Wasu kuma za su ce aji ya cika maƙil, lokaci ba ya isa, jarrabawa na tafe. Gaskiya ne aji ya cika, amma wannan aiki na rukuni ne: biyar ko shida a kan samfuri ɗaya, wani na awo, wata na zane, wani na yanka, a riƙa musanya don kada rula da reza su zama na maza, kwaɓa laka ta zama ta mata. Gwangwani kuma a koya musu naɗe bakinsa kafin komai, saboda yanka. Zancen jarrabawa kuwa, rabo da kusurwa da faɗin fili da girman ciki duk suna cikin abin da ake tambaya a BEPC. Wanda kuma hanyarsa ta bi ta cibiyar koyon sana'a ta CFM ko kwalejin fasaha ta CET, zai isa can ya riga ya san karanta zane da riƙe awo, abin da kafinta da mai walda da tela duk suke ci da shi.

Kirana ga daraktocin kwalej da kwamitocin kula da makarantu (COGES) na Ƙonni da Malbaza da Illela shi ne a ware wa wannan aiki awa biyu a mako, ko da yammacin wata rana ne. Malamin zane da na lissafi su haɗa kai a kansa. A gayyaci maginin rumbu da maƙeri da mai ginin tukwane na gari su shigo aji, a ba su kujera, yara su ce musu Baba da Inna su yi tambaya, a kuma sallame su da abin goro, domin iliminsu ba na banza ba ne. Ƙarshen shekara a shimfiɗa ayyukan a filin makaranta a kira iyaye su gani. Makarantun da ke kusa da Badagishiri kuwa ba su da uzuri: ku ɗauki yaranku ku kai su Yama, ku nemi izinin liman da dattawan gari, ku auna ginshiƙai da bakuna da igiya, ku dawo aji ku raba da 50 ku gina.